Sashen tiyatar baki da muƙamuƙi: yadda suka yi wa ƙanina aiki

Ƙanina ya faɗi a babur, muƙamuƙinsa na ƙasa ya karye, haƙoran sama da na ƙasa suka daina haɗuwa. Dangi suka ce a kai shi wurin mai ɗori. To, ina mai ɗori zai ɗaura kara a haɓa? Muka nufi wani asibitin koyarwa, aka tura mu sashen tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska.

Kawu ya ɓata rai da ya ji likitan haƙori ne zai yi aikin. "Mai cire haƙori za a ba ƙashi?" Sai da na zaunar da shi na yi masa lissafi. A Najeriya, mutum sai ya yi shekara 6 a karatun likitan haƙori, da shekara 1 ta horon asibiti, da bautar ƙasa, sannan ya shiga horon ƙwarewa na shekara 5 zuwa 6, yana cin jarrabawar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas. A Ingila kuwa sai ya haɗa digiri biyu, na haƙori da na likitanci. Irinsu ne ke ɗinke tsagaggen leɓen jarirai, suna cire ƙari a muƙamuƙi.

Aikin kam babu abin kushewa. Likitan ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mana karayar, ya ce zaɓi biyu ne: a ɗaure haƙora da waya na mako 4 zuwa 6, ko a kafa wa ƙashin ƙananan farantan ƙarfe, wanda ya fi tsada. Aljihu ya zaɓar mana waya. Yaron da ke cinye malmala uku ya koma kunun gyaɗa da madara, yana zuƙa ta tsakanin haƙora, har wandonsa ya fara zamewa. Ranar da aka kwance, haƙoran sun zauna daidai.

Inda suka gaza shi ne jira. Ka zo da asuba, azahar ta same ka a benci. Babban likita kuma ba kullum ake ganinsa ba, likitocin da ke karɓar horo ne ke yawan duba mutane, ko da yake ba su yi mana ƙyashin bayani ba. Mai zuwa ya tambayi ranar da babban ke zama tun wajen yankar kati, ya kuma riƙo hotunan ƙashinsa na baya.