Gyaran hoto: a gaban kowa ko a keɓe?

Tun da ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto ta fara fita Dutsen Kufena da ke Zariya, tambaya ɗaya ake ta yi mini: idan ɗan ƙungiya ya kawo hotonsa, a yi masa gyara a gaban kowa, ko a ja shi gefe?

Gyara a bainar jama'a ya fi yaɗa amfani. Wani ƙanenmu ya ɗauki ganuwa ta wajen Ƙofar Doka da tsakar rana, cikin hunturu. Hazo ya shanye jan ƙasar, ga hoton ya karkace hagu. Da aka ce ya koma da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa ta gefe yana fito da tsagar katangar, dukkanmu muka ƙaru. Matsalar ita ce kunya. Ba mai son a kwance masa zani a kasuwa, kuma wasu masu gyaran ba su iya fara yabo ba. Na ga wanda daga ranar bai sake kawo hoto ba.

A keɓe kuwa mutum yakan saki jiki ya yi tambaya. Sai ka ce ya turo hoton a matsayin fayil, don WhatsApp na matse hoto ya rage ingancinsa, ku duba tare. Amma akwai cin lokaci, kuma ra'ayinka kaɗai zai ji, ko da kai ne ka kuskure.

Sabon shiga da dattijon da ya girme ka, keɓewa ta fi musu. Wanda hannunsa ya faɗa, yake son jin ra'ayoyi da yawa, a yi masa a gaban kowa.