Farfesun kogi, soyayyen kifi ko naman daji: abin da baƙo zai zaɓa a ƙasar Haɗeja

Matafiyin da ya taso daga Kano ya bi ta Gumel da Malam Madori, ko ya ratso ta Wudil da Kafin Hausa, ba zai shiga ƙasar Haɗeja ba sai ƙamshin kifi ya tarbe shi, kuma a kowace rumfar abinci ya tsaya zai tarar da abu uku ko huɗu suna neman kuɗinsa: farfesun ɗanyen kifi, soyayye, kifin banda a cikin miya, sai kuma abin da ake kira naman daji. A kudancin Nijeriya farfesun kifi abokin mashaya ne, amma a Kano da Jigawa, inda aka ƙaddamar da shari'a tun shekarar 2000, a rumfa da gidan abinci ake cinsa, da gurasa ko burodi ko farar shinkafa. Shekaru na yi ina bin hanyar nan saboda harkar hatsi, kuma ba zan ɓoye ba, farfesun ragon ruwa na kogi shi ne nake fifitawa a kan duk sauran.

Dalilina na farko shi ne naman kansa. Ragon ruwa ba shi da ɓawo, ba shi da ƙananan ƙayoyin nan da ke sa mutum ya ci abinci cikin fargaba, namansa fari ne mai tauri daidai gwargwado, yana jure tafasa ba tare da ya dagargaje a cikin romo ba. Idan mai girkin ta san aikinta, ba ta buƙatar abin da ya wuce attarugu da albasa da citta da masoro da 'yar kimba da daddawa kaɗan, domin maiƙon kifin shi ne zai ɗaure romon, ba sai an tuttula man gyaɗa ba. Alamar farfesun kirki ita ce romonsa ya kasance tsinkakke mai ƙamshi, yajinsa ya biyo bayan ɗanɗanon kifin maimakon ya rufe shi. Duk inda na ga romo ya yi jajawur da tattasai, yaji kuma yana hawa kai tun cokalin farko, nakan zargi cewa akwai abin da ake son ɓoyewa, galibi kifin kwana.

Dalili na biyu shi ne lokaci da wuri. Kifin yankin nan daga kogin Haɗeja da fadamun da suka miƙe har Nguru yake fitowa, ta wajen Auyo da Kirikasamma da Guri, kuma ya fi yawa ya fi araha idan ambaliya ta fara janyewa, wato daga kaka zuwa tsakiyar sanyi, lokacin da kifin ya gama kiwo a cikin fadama ya yi ƙiba. Tsofaffin masunta za su gaya maka cewa tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar ba ta kai yadda suka santa ba, ga kuma ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Wannan ya sa babban ragon ruwa ya yi tsada, kuma wanda aka yi wa tayinsa da arha a tsakiyar bazara ya kamata ya tambayi kansa daga ina ya fito.

Tarwaɗar kogi ita ce ta biyu a wurina, kuma ba ta da nisa da ta farko. Giwan ruwa yana da nama mai kyau, sai dai ya fi dacewa da suya ko gashi, kuma samunsa sai an dace. Karfasa ta mai haƙurin ƙaya ce. Kifin ƙanƙara irin su Titus, wanda ya keto teku ya kwana a mota kafin ya iso ƙauyen da wutar lantarki ba ta zama, ban ga dalilin da zai sa mutum ya zo bakin kogi ya nemi shi ba. Jatan lande kuwa busasshe ne ake kawowa daga kudu, kayan ƙamshin miya ne, ba abin da za a zauna a ci ba.

Inda aka fi cutar baƙo shi ne wajen sayar masa da tarwaɗar kiwo da sunan ta kogi. Tarwaɗar kiwo ba haram ba ce, kuma ba cuta ba ce, mutane da yawa da ita suke rufa wa kansu asiri, amma kuɗinta daban, ɗanɗanonta daban. Ana gane ta da cewa duk waɗanda ke cikin baho kusan girmansu ɗaya, kamar an auna, cikinsu cike da farin kitse, naman kuma yana saurin saki a wuta. Na kogi kuwa ba sa zuwa kai ɗaya, wani babba wani ƙarami, jikinsu a murɗe. Saboda haka ba na yarda a zubo mini daga tukunyar da ban ga abin da aka sa a ciki ba. Nakan ce, "Hajiya, a yi haƙuri a nuna mini kifin kafin a ɗora," in duba idonsa ko yana nan garau, in ɗaga murfin kunnensa in ga ko cikin ja ne, in danna jikinsa da yatsa in ga ko naman zai dawo. A yi cinikin kuma kafin wuƙa ta hau, a faɗa a fili ko da kai ne ko babu, domin gardamar da ake yi bayan an cinye ba ta taɓa ƙarewa da daɗi ga baƙo.

Soyayyen kifi na bakin tasha yana da daɗi idan a gabanka aka tsamo shi, amma ka dubi man da ke cikin kaskon tukuna: idan ya yi baƙi ya yi kauri, ya sha wuta kwana da kwanaki, kuma kifin jiya da aka sake jefawa a ciki ba ya bambanta da na yau a ido.

Banda ce ta taɓa kwantar da ni, shi ya sa nake tsananta magana a kanta. Wata shekara da damina na ci miyar kuka da banda a wata rumfa ranar kasuwa, na ji wani ɗan wari kamar na kananzir amma yunwa ta sa na daure, kafin la'asar sai ga amai da jiri da murɗar ciki, har sai da aka yi mini ƙarin ruwa. Daga baya ne wani masunci ya bayyana mini cewa wasu dillalai, saboda tsoron ƙwari da tsutsa a lokacin danshi, suna yayyafa wa banda fiya-fiya kafin su ɗaure ta a kwali, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Akwai kuma masu zuba gubar gamalin a cikin ruwa don kifi ya taso a mace su kwashe. Bandar kirki ƙamshin hayaƙin itace take yi, tana karyewa ƙas, cikinta ba gari. Wadda ka ga an baje a kasuwa da rana tsaka amma ko ƙuda ɗaya bai kusance ta ba, alhali na maƙwabcin mai ita suna fama da ƙudaje, wannan tsabtar ba ta Allah da Annabi ba ce. Tun daga ranar ba na cin banda a rumfa sai wadda na sayo da hannuna aka jiƙa ta a ruwan zafi aka wanke a gida.

Naman daji kuwa, in ban da zabuwa da fakara waɗanda ake gane su da ƙirarsu, ba na ba kowa shawarar ya saya a dafe. Da zarar an yayyanka nama an yi masa banda, babu mai iya rantsuwa cewa gada ce ko zomo, kuma tsohuwar akuya da ta sha hayaƙi ta sha shiga kwano da sunan barewa. Ga tambayar yanka, wadda Musulmi ba zai tsallake ba: wa ya harbe dabbar, ya ambaci sunan Allah, ya same ta da rai ya yanka ko mushe ya tsinta? Ga kuma doka, domin farauta a dajin Baturiya na Jigawa da na Falgore a Kano haramtacciya ce, kuma dinya da sauran tsuntsayen ruwa da ake kawowa a ɓoye sau da yawa daga irin waɗannan wurare suke. Gafiya da dangin ɓera ma ba na ko kallonsu, musamman da rani lokacin da zazzaɓin Lassa ke yaɗuwa. Zabuwar ma ka tambaya, domin yawancin waɗanda ake soyawa a kasuwannin ƙauye na gida ne, ba aibi ba ne, amma kada a karɓi kuɗin ta daji a hannunka. Ta daji ba ta da kitse, ƙirjinta a bushe yake, kuma wani lokaci haƙorinka zai ci karo da ƙwayar harsashin bindigar maharbi a cikin cinya.