Na rubuta Ɓalewa daidai, manhajar ta ce na faɗi

Sati uku ke nan ina amfani da wata manhajar kacici-kacici ta Hausa, ni da yarana bayan sallar isha'i. Ba irin wadda ake jero maka amsoshi huɗu ka zaɓa ba ce. Da hannunka za ka rubuta amsar cikin daƙiƙa talatin, kuma abin da ya sa na so ta ke nan, don babu canki-canka. Ba ta cin data sosai, an kuma yi wa tambayoyin tarihi aiki. A nan babbar 'yata ta riƙe cewa a 1804 aka soma jihadin Shehu, kuma a 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen duba amsa. An tambaya wa ya zama firaministan Najeriya na farko. Na rubuta Abubakar Tafawa Ɓalewa, har na tsaya na danne harafin na lalubo mai ƙugiya. Allo ya yi ja. Ashe "Balewa" aka ajiye mata, ba ta san wani ba. Ke nan wanda ya bi ƙa'idar rubutun Hausa shi ne ya rasa maki.

Washegari abin ya faɗa kan yarinyar. Ta rubuta Usmanu Ɗanfodiyo, manhajar na jiran "Usman dan Fodio". Ta juyo ta ce, "Baba, ba shi ba ne?" Na ce shi ne mana. Ta ajiye wayar, ranar ba ta sake taɓa ta ba. Wannan ya fi ɓata min rai, domin yarinyar ta san amsa, an ce mata ba ta sani ba.

Sunayenmu ba hanya ɗaya ake rubuta su ba. Sakkwato da Sokoto gari ɗaya ne, haka Damagaram da Zinder. Muhammad, Muhammadu, Mohammed, kowanne yana kan takardar wani. Abokina na Maraɗi "ƴa" yake rubutawa inda mu muke rubuta "'ya", kuma haka aka koya masa a makaranta a Nijar. Ga wayoyi da yawa da ba a sa musu allon rubutun Hausa ba. Tambayar tarihi sanin tarihi take aunawa. In mai dubawa zai gane wanda ake nufi, a ba da makin.

Ban ce a watsar da ƙa'ida ba. A sashen harshe da karin magana ina goyon bayan a tsananta, don kafa ba ƙafa ba ce, baki ba baƙi ba ne, kuma gara yaro ya saba tun yana ƙarami. Can rubutun shi ne tambayar.

Gyaran ba wuya: kowace tambaya a ajiye mata duk sigogin amsar da aka sani, a ba da maki, sannan a nuna daidaitaccen rubutun a ƙasa. Na aika wa masu manhajar wannan ta wurin ƙorafi. Kafin su gyara, tauraro uku cikin biyar na ba ta, kuma yanzu ni nake karanta wa yaran tambayoyin, su amsa da baki.