Shekara biyu bayan an sake yi min aikin ƙugu: abin da na yaba da abin da ya ɓata min rai

Da asuba nake fara jin sa. In na sauko daga gado zan tafi alwala, taku uku ko huɗu na farko sai in ji kamar an soka min ƙusa a tsakiyar cinya, in na ɗan taka sai ya lafa. Na yi wajen wata takwas ina cewa sanyi ne, ko kuwa sikilar ce ke motsawa, domin mu masu amosanin jini mun saba komai ya same mu sai mu ce ciwon ne. Sai ranar da wata ɗalibata ’yar aji biyar ta ce, “Malama, ɗingishin nan ya dawo,” sannan na yarda ƙarfen da ke jikina ne ya fara gajiya.

A 2011 aka yi min aikin farko a Indiya, ina da shekara 25. Jini ya daina kaiwa kan ƙashin cinyata ta hagu, ya mutu, ya burme, abin da ke samun masu sikila da yawa. Aka yanke shi aka sa na ƙarfe, na samu shekara goma sha ɗaya ina tafiya lafiya, na yi aure, na haihu ɗaya. Aiki na biyu a gida Najeriya aka yi shi, a wani asibiti mai zaman kansa a Abuja, farkon 2023. Na rubuta wannan ne saboda masu tambayata a asibitin sikila, musamman iyayen yaran da aka ce musu za a sa wa ’ya’yansu ƙarfe, da waɗanda nasu ƙarfen ya fara damun su suna tsoron komawa ɗakin tiyata.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne likitan bai yi gaggawar sa rana ba. Ya liƙa hoton ƙashina a jikin fitila, ya ɗauki biro ya bi wani siririn baƙin layi da ya kewaye ƙarfen cinyar. Ya ce, “Malama, kin ga wannan? Nan ya kamata ƙashi ya manne da ƙarfe. Ya saki.” Sannan ya nuna min kan ƙarfen ya karkace, ya daina zama a tsakiyar kofin da aka sa masa a ƙashin ƙugu, alamar robar da ke tsakani ta cinye. Ya ce ɓurɓushin robar nan ne jiki ke ɗauka a matsayin abokin gaba, garin yaƙar sa sai ƙashin da ke kewaye ya riƙa narkewa. Ciwon takun farko da nake ji kuwa, ƙarfen ne ke ɗan motsawa kafin ya zauna. Ban taɓa samun wanda ya zauna ya yi min bayanin jikina haka ba.

Duk da haka ya ƙi ya taɓa ni sai ya tabbatar babu ƙwayoyin cuta a wurin. Ya ce a masu sikila ba a sakin jiki da gwajin jini kaɗai, domin ɗaya daga gwaje-gwajen kumburi yakan fito ƙasa ko da akwai matsala, saboda yanayin ƙwayoyin jininmu. Ya sa na dakatar da duk wani maganin kashe ƙwayoyin cuta na sati biyu, aka zura allura cikin gaɓar aka zuƙo ruwa aka kai ɗakin gwaji. A lokacin na ji haushin jinkirin, don kuɗin mota da masauki suna ta tafiya. Daga baya na gane. Da an samu cuta, aiki biyu za a yi: a cire komai, a sa na wucin gadi mai magani, a yi makonni ana allurai, sannan a dawo. Na ga wata baiwar Allah a ɗakinmu da ke kan wannan hanya, wata uku tana jira. Nawa ya fito babu komai, alhamdu lillahi.

Akwai wata tambaya da ya yi min wadda har yau take ci min rai: “Ina takardar ƙarfen?” Ashe kowane ƙarfe yana zuwa da ’yan lambobi masu ɗauke da sunan kamfani da girma, ana manna su a fayil, kuma ya kamata a ba majinyaci nasa. Inda aka yi min na farko takardar sallama kawai suka ba mu, shafi biyu. Maigidana ya aika musu saƙo ya fi sau goma, shiru. Dole likita ya yi ta hasashe daga hoto, ya tanadi kayan cirewa iri-iri, kuma duk mu muka biya hayarsu. Duk wanda za a sa wa ƙarfe, kada ya bar asibiti sai da wannan takarda a hannunsa.

Shirin jini shi ma sun yi shi yadda ya kamata. Likitar jini ta zo da kanta, aka ƙara min leda biyu kafin aiki don awon ƙarfin jinina (Hb) ya kai wajen goma. Samun wanda ya dace da ni ya ɗauki kwana huɗu, saboda ƙarin jinin da aka sha yi min tun ina ƙarama ya sa jikina ba kowanne yake karɓa ba. Daren aikin aka sa min ƙarin ruwa don kada azumin da aka sa ni ya tayar da ciwon, a ɗakin tiyata kuma aka rufa min wani bargo mai hura ɗumi. Mai sikila ya san me sanyi ke yi masa. Wannan bargon kaɗai ya nuna min sun san da wa suke aiki.

Awa huɗu da rabi aka yi, na farko kuwa bai kai biyu ba. Sai da aka tsaga ƙashin cinyar ta gefe kamar murfi kafin tsohon ƙarfen da simintin da aka manne shi da shi su fito, aka mayar aka ɗaure da wayoyi uku. Sabon ƙarfen ya fi tsohon tsawo sosai, ya wuce inda ƙashi ya lalace ya je ya kama mai ƙwari a ƙasa, babu siminti, jikinsa kaushi-kaushi don ƙashi ya tsiro ya riƙe shi. Likita ya ce ramin ƙashina ya tsuke ya yi tauri kamar dutse, halin sikila, shi ya sa suka yi ta bi a hankali kada su huda shi.

Kofin da aka sa min shi ne abin da na fi son in yi magana a kai. Babban abin tsoro bayan aiki na biyu shi ne gocewa, wato kan ƙarfen ya fita daga mazauninsa, domin naman da ke riƙe gaɓar an yanka shi sau biyu, ya yi rauni. Sai ya zaɓa min irin mai motsi biyu. Ya ɗauko samfurinsa daga aljihun teburi ya miƙo min. Ƙaramin ƙwallo ne a kulle cikin babban ƙwallon roba, shi kuma babban yana juyawa cikin kofin ƙarfe. Na juya shi a hannuna, na karkata shi iya karkatawa, in ƙaramin ya kai ƙarshe sai babban ya karɓa ya ci gaba. Wani likitan Faransa, Gilles Bousquet, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1970, kuma saboda maganin gocewa aka yi shi. Bai ɓoye min cewa shi ma roba ce ba, tana iya cinyewa, kuma a kan samu, ko da yake ba kasafai ba, ƙaramin ƙwallon ya kuɓuce daga cikin babban. Ya fi kofin da aka saba sawa tsada. Shekara biyu ke nan bai taɓa gocewa ba, ko ranar da santsin banɗaki ya kwashe ni na faɗi a kan wannan ɓangaren.

To, ga inda suka gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce.

Kuɗin da aka rubuta mana tun farko, wanda sai da muka sayar da filin gadona muka haɗa da gudummawar ’yan’uwa, bai haɗa da wayoyin nan uku ba, bai haɗa da jinin da aka ƙara bayan aiki ba, bai haɗa da allurar hana daskarewar jini da ake yi min a ciki kullum ba. Ranar sallama aka miƙo wa Yayana wata sabuwar takarda, ƙarin ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin duka. Na ga yadda ya fita baranda yana buga waya. Sun san aiki na biyu yakan zo da abin da ba a zata ba, me zai hana su faɗa tun farko mutum ya shirya?

Dare na biyu kuma na kwana ina kuka. Maganin ciwo ya sake ni wajen ƙarfe ɗaya, nas ɗaya ce a ɗakuna shida, mabuɗin akwatin magani kuma yana hannun wata da ta tafi wani sashe. Umma ta je ta dawo sau uku. Da nas ɗin ta zo ta ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, ku masu sikila kun saba da allura, ba a so ta yi yawa.” Wannan magana ta fi ciwon zafi. An tsaga min ƙashi jiya, ana lissafa ni cikin masu neman allura. Da safe na faɗa wa likita, ya canza tsarin aka koma ba ni a kan lokaci, ba sai na roƙa ba. Amma bai kamata sai an kwana a haka ba.

Sashen gashin ƙashi ma bai kai darajar tiyatar ba. Mai gashin ya tayar da ni washegari, ya koya min taka ƙafar kaɗan-kaɗan da abin dogarawa mai ƙafa huɗu, ya ba ni takarda mai zanen motsa jiki, shi ke nan. Babu wanda ya tambaye ni wane irin banɗaki ne a gidanmu, ko yaya zan yi salla, ko a me zan hau in koma Zariya. Ni na tambaya. Banɗakinmu na tsugunno ne, sai da aka ƙera min kujera mai rami mai tsawo. Da na koma gida, wata mai gashi a asibitin gwamnati ce ta ɗauke ni wata uku, ita ta dawo min da ƙarfin naman gefen ƙugu.

Maganar zaman ƙarfen, a hoto ake ganin ta. An ɗauka a sati shida, wata uku, wata shida, shekara ɗaya, sannan na bana. A wata uku likita ya auna ya ce ƙarfen cinyar ya nutse kamar milimita biyu. Gabana ya faɗi. Ya ce irin wannan ƙarfen mai tsini yakan ɗan zauna da farko, abin dubawa shi ne ya tsaya ko ya ci gaba. A wata shida yana nan inda yake, a shekara ɗaya ma haka, inda aka tsaga ya haɗe, baƙin layin nan bai dawo ba. Duk zuwa sai ya jera sabon hoto kusa da na baya ya auna a gabana. Na tambaye shi shekara nawa zai yi, ya ce ba zai yi min alkawari ba. Ya ambaci wani babban bincike na 2019 da ya nuna kusan kashi 58 cikin ɗari na aikin farko yana kai shekara 25, ya ce na biyu bai cika kai na farko daɗewa ba, ni kuma ga ƙuruciya ga sikila, don haka in sa a raina watakila akwai na uku. Na fi son wannan gaskiyar da a lallashe ni.

Yanzu ciwon asuba ya tafi gaba ɗaya. Ina tsayawa darasi biyu a jere a gaban allo, ina zuwa kasuwar Sabon Gari in dawo da ƙafata. Ɗingishin bai tafi duka ba, in na gaji da yamma yana fitowa, kuma gefen cinyar inda wayoyin suke yana min tsami lokacin hunturu. Ƙafar ta fi ɗayar tsawo kaɗan, ana ƙara min tafi a takalmin dama. Na daina hawa acaɓa, na daina zama a tabarma, salla kuma ina tsayuwa da ruku’u, sujada da tahiya a kan kujera. Likita ya ce zan iya gwada sujada a ƙasa a hankali, na gwada sau biyu cikin azumin bana, na ji jikina bai sake ba, na koma kujerata.

Wanda ya tambaye ni ko ya je wurinsu, ina cewa ya je saboda likitan da likitar jinin, amma ya nemi a rubuta masa kuɗin har da abin da ka iya tasowa, ya yi maganar maganin dare tun kafin a kwantar da shi, ya kuma nemi mai gashinsa a garinsu tun bai tafi ba. Ranar sallama ban fita ba sai da aka kawo min lambobin ƙarfen, guda biyar a manne a shafi ɗaya. Suna cikin jakar da nake ajiye takardar haihuwar ɗiyata, Yayana ma yana da hotonsu a wayarsa.