Zumar tsibirin Pemba da na saya a Jos, daɗi kam akwai amma ku duba ruwanta

Jama'a sallama. Tun watan jiya nake so in yi magana akan zumar nan, na bari ne sai da kwalbar ta kusa ƙarewa dan kar in zo ina yabon abinda cokali ɗaya kawai na lasa.

Akwai wani ɗan shago ta wajen Bauchi Road, irin masu saida zuma da man zaitun da habbatussauda da dabino, nan nake sayowa Hajiyarmu zuma duk shekara in sanyi ya shigo, kun dai san sanyin Jos a Disamba da Janairu, tari baya barinta barci sai ta sha ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami. Ta Mambila nake saya kullum. Ranar da naje sai naga wasu ƙananan kwalabe guda biyar a gefe an rubuta Asali ya Pemba a jiki, nace Baba wannan ta asali kuma daga ina, yayi murmushi yace 'yata ai asali ɗin nan ba namu na Hausa bane, da Swahili zuma ake cewa asali, daga Larabci suka aro. Ƙaninsa ne yake zuwa saro kanumfari ta can shine ya riƙo masa kaɗan a gwada.

Pemba tsibiri ne a tekun Indiya, ɓangaren Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, yana arewa da babban tsibirin Unguja, Larabawan da suna ce masa koren tsibiri saboda yawan itatuwa, kuma mafi yawan kanumfarin Zanzibar daga can yake fitowa. Masu kiwon zuman wajen ƙananan manoma ne, mutum da amyarsa 'yan ƙalilan a gona ko a bakin ruwa, wasu har yanzu kututturen ice suke fafewa su rataya a bishiya kusan yadda mutanenmu ke ɗora amyar ciyawa akan ɗorawa ko kaɗanya, wasu kuma sun koma akwatin katako mai sanduna a sama wanda aka fi sani da na Kenya, da shi zaka zaro saƙa ɗaya ɗaya ka duba wadda ta nuna ka bar wadda 'ya'ya ke ciki, ba sai ka cinna wuta ka ƙone gidan gaba ɗaya ba.

Toh maganar ɗanɗano. Wallahi daban take. Kalarta ja ce mai duhu kamar shayin da ya ji ganye, kina buɗe murfi ƙamshi ke fara dukanki, wani ɗan yaji yaji a can ƙasan maƙogwaro, ba wai kamar an jiƙa kanumfari a ciki ba, a'a, can nesa kike jinsa, sannan bayan kin haɗiye sai kiji ɗan gishiri gishiri a harshe. Baba yace wannan daga itatuwan nan ne masu tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓar teku, ƙudan zuma na son furensu sosai. Abinda ya bani sha'awa, shi kanumfarin da muke sawa a kunu da zoɓo ashe fure ne da ake tsinkewa tun kafin ya buɗe a shanya, kenan ƙudan zuma sai wanda ya tsira daga hannun masu tsinka ya buɗe suke samu. Kuma babu warin hayaƙi ko kaɗan, ku da kuke sayen zumar galan a tasha kun san wannan ƙaurin na ƙuna da nake nufi, wani lokacin har da fukafukan ƙuda da toka a ƙasa. Wannan tas take. Na sa a fura, na sa a kunun gyaɗa, amma inda tafi fitowa shine akan burodi zalla ko a cokali haka nan, a shayi ƙamshin ɓacewa yake, asarar kuɗi ne.

Yanzu inda nake da magana. Ruwa ruwa ce. Ina juya kwalbar naga tana gudu kamar man gyaɗa, gabana ya faɗi dan mu nan da zarar zuma ta tsinke sai muce an haɗa da ruwan sikari. Na faɗa masa kai tsaye nace Baba kayi haƙuri amma wannan bata yi min kama da mai kyau ba. Bai ji haushi ba, ya ɗauko wata 'yar na'ura kamar ƙaramar tocila, ya ɗiga zumar akan gilashinta yace in leƙa ta wajen haske, ta Pemba ta nuna 20, ta Mambila 17. Ma'ana kashi 20 cikin ɗari ruwa ne, kuma a ƙa'idar da duniya ke bi nan ne iyaka, in ta kai nan ko ta wuce tana iya yin tsami ta fara kumfa. Dalili kuwa zuma tana jan laima daga iska, su kuma tsibiri ne ruwa ta ko ina ga damina sau biyu a shekara, ɗaya wajen Maris zuwa Mayu ɗaya wajen ƙarshen shekara, su kansu ƙudan wahala suke sha kafin su busar da ita da fiffike su rufe saƙar da kaki, in mai amya yayi gaggawa ya yanko wadda ba'a rufe ba shikenan ruwa yayi yawa. Mu nan hunturu na taimakonmu.

Gaskiyar da ya faɗa min ita tasa na saya, dan da ya ga dama sai ya kunna min ashana ko ya ɗiga a kofin ruwa irin yadda ake yi a kasuwa, waɗannan gwaje gwajen kuma basa tabbatar da komai, sikarin da aka dafa yayi kauri ma zai ci jarabawar. Haka masu cewa in zuma ta daskare jabu ce, ba haka bane, ta Mambilan nan duk shekara sai tayi tsaki tsaki a sanyin Jos, ki sa kwalbar a ruwan ɗumi ta dawo, kar dai ki ɗora a wuta.

Kuma abinda ya faɗa ya faru, na ajiye tawa a kicin kusa da risho, wajen sati na bakwai naga 'yar kumfa a sama da ɗan tsami kaɗan, sai na maida ta firij. Murfin ma baya rufuwa da kyau, ta ɗan zubo min a jaka tun a keke, babu ranar da aka yanke ta a jiki, babu lambar NAFDAC. Ga tsada, 'yar kwalbar da bata kai rabin lita ba na biya kuɗin da zai sai min lita guda da rabi ta Mambila. Wannan ya kamata ya gyara in zai ci gaba da kawowa, na faɗa masa kuma ya karɓa.

Abu ɗaya dan Allah iyaye mata, ko wace iri ce kar a lasawa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, akwai ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna, na san al'ada ce a gidaje da yawa amma likitoci sun hana.

Hajiyarmu dai ta lasa sau biyu tace akwai daɗi amma a bar mata tata mai kauri, ita tafi kwantar mata da tarin. Na koma shekaranjiya na sayo mata lita ɗaya, saura kwalba biyu na Pemban a kan kanta. Nace Baba in ƙaninka ya sake kawowa ka auna, in ta nuna 18 ka ajiye min ɗaya, yace in Allah ya yarda zai kira ni.