NaN: Raba Sifili da Sifili, ko Kiransa da Sunansa?

Wani ƙanena mai karatun kwamfuta a Yamai yana jera awon zafin Tawa, ran da ba a auna ba sai ya sa NaN, wato "ba lamba ba". Da 0.0/0.0 yake samar da shi. A harshen shirya manhaja na C hanyar tana aiki, ƙa'idar lissafin kwamfuta ta IEEE 754 ta 1985 ta tanadi haka, sai dai a kwamfutoci masu injin sarrafawa samfurin x86 yakan fito da alamar ragi, "-nan". A harshen Python kuwa shirin tsayawa yake cak da ZeroDivisionError.

Ni na fi son kiransa da sunansa: NAN na math.h (kundin lissafi na C), wanda ya zo da C99, wato sigar C ta 1999, ko math.nan a Python. Mai karantawa zai gane da gangan aka sa shi, ba kuskure ba ne.

Kowanne ka ɗauka, alamar gwada daidaito, ==, ba ta gano shi, don NaN bai daidaita ko da kansa. Sai isnan, umarnin da ke gwada ko abu NaN ne.