720p, 1080p ko 4K: saitin da ya dace ka fitar da bidiyonka da shi

Masu ɗaukar bidiyon biki da yawa a Gusau da Birnin Kebbi, in sun gama tace aiki a CapCut ko Premiere Pro, sukan ja kowane ma'auni zuwa ƙarshe wajen fitarwa, a zatonsu nan kyau yake. Sai fayil ya fito da gigabait uku, data ta ƙare ana tsakiyar ɗorawa, in ma ya isa wayar uwar amarya ta WhatsApp, an riga an matse shi ya koma dishi-dishi.

Abu biyu ne kaɗai ke yanke nauyin fayil: tsawon bidiyon da bitret, wato yawan bayanan da ake ba kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da Mbps. Ninka Mbps da 7.5, abin da ya fito shi ne megabait na kowane minti. A kan 8 Mbps, minti ɗaya zai ci 60MB, minti goma 600MB. In saurin ɗorawa na layinka 5 Mbps ne, wannan fayil zai ɗauki minti 16, in sabis bai yanke ba. Ka yi wannan lissafi kafin ka taɓa komai.

Girman hoto, wato 720p, 1080p ko 4K, shi kaɗai ba ya ƙara nauyi, sai dai yana ƙara buƙatar bitret. 4K ya ninka 1080p sau huɗu a yawan ɗigogin hoto, shi kuma 1080p ya ninka 720p fiye da sau biyu. Wanda ya zaɓi 4K ya bar shi a 8 Mbps, tamkar ya ajiye wa ƙarti huɗu kwanon tuwon mutum ɗaya ne. Gara 1080p mai wadataccen bitret da 4K mai yunwa. YouTube kansa ya ba da shawarar 5 Mbps ga 720p, 8 Mbps ga 1080p, da 35 zuwa 45 ga 4K, in bidiyon na firem 24 zuwa 30 ne a daƙiƙa (firem shi ne kowane hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo). A allon waya mai inci shida, da wuya mai kallo ya bambance 1080p da 4K, amma jakar datarka za ta bambance.

Abin da ke cikin hoton ma yana da nasa hukunci, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Na'urar matsewa tana adana abin da ya canja ne daga firem zuwa firem. Malami zaune yana tafsiri, kyamara a kafe, bango ba ya motsi: 720p a kan 1.5 Mbps ya isa, awa guda ta tsaya a kusan 675MB kafin a haɗa sauti. Amma ɗauki bikin kamun kifi na Argungu, dubban masunta sun afka Matan Fada da goruna da homa, ruwa na fantsama ta ko'ina. Kusan kowane ɗigo na canjawa, don haka ko 8 Mbps zai iya fashewa ya zama ƙananan murabba'ai. Irin wannan ka ba shi 12 zuwa 15 a 1080p. Haka ƙurar hawan sallah, da ƙyallin shadda da leshi a ƙarƙashin fitila, da tsakin nan da ke fitowa a bidiyon dare. Wannan tsakin yana cin bitret ba tare da ya ƙara komai ba, shi ya sa rage shi tun a wurin tacewa yake sauƙaƙa fayil.

Sai kodek, wato tsarin da ake matse bidiyo da shi. H.264 tun 2003 yake, kuma kusan babu wayar da ba ta buɗe shi, har talabijin mai ramin filashi. H.265, wanda ake kira HEVC, ya zo a 2013, yana ba da kyau iri ɗaya da ƙaramin fayil, sau da yawa ragin yakan kai kashi ɗaya cikin uku. Matsalarsa tsofaffin wayoyi da kwamfutoci: wani lokaci sauti ya fito hoto ya ƙi, ko ya riƙa sarƙewa. AV1 na 2018 ya fi su matsewa, amma fitar da shi na cin lokaci da batir. Ga aikin da za a miƙa wa jama'a, MP4 mai H.264 ne zaɓin da ba ya jawo kiran waya da ƙorafi. H.265 ka bar shi don ajiyarka.

In manhajar ta ba ka zaɓi tsakanin CBR (bitret tsayayye) da VBR (bitret mai canjawa), ɗauki VBR, domin yana rage wa wurin da ba motsi ya ƙara wa wurin rawa. VBR mai zagaye biyu (2-pass) ya fi daidaita rabon, lokaci kawai yake ci. Mai kwamfuta kuma ya sauke HandBrake, manhajar matse bidiyo, kyauta ce. A cikinta ana sa lambar RF, wadda ke nuna matakin kyan hoto: 20 zuwa 24 ga 1080p, 19 zuwa 23 ga 720p. Ƙaramar lamba ita ce mafi kyau kuma mafi nauyi, ƙarin shida kuma yakan raba fayil kusan biyu. Gwada da yankin daƙiƙa 30 mafi yawan motsi kafin ka saki awa guda.

Firem kuwa, ka fitar da yadda ka ɗauka. Mayar da 30 zuwa 25 na sa motsi ya riƙa tsalle, mayar da 30 zuwa 60 kuma nauyi ne na banza. Sauti ba shi da tsada: tsarin sauti na AAC a 128 kbps bai wuce megabait ɗaya a minti ba, a ɗaga shi zuwa 192 in akwai kalangu ko kotso. Kada ka yi rowa a nan.

YouTube da Facebook da TikTok duk za su sake matse abin da ka ɗora, saboda haka ka ba su kwafi mai kyau: 1080p, 8 zuwa 12 Mbps, a tsaye 1080×1920 in na TikTok ne ko Reels. Na WhatsApp ka yi masa kwafi dabam, 720p a 2 zuwa 3 Mbps, ka tura shi a matsayin dokumen, domin ta nan ba a taɓa shi kuma yana karɓar har 2GB. Bidiyon iPhone da aka ɗauka da HDR (tsarin ƙarin haske da launi) a fitar da shi a SDR (tsarin da aka saba), in ba haka ba launinsa ya koɗe a wayoyin wasu. Wanda zai kai wa ango aiki a filashi kuma ya duba tsarinta: FAT32 ba ta karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, sai a raba bidiyon gida biyu, ko a mayar da ita exFAT in talabijin ɗin gidan yana karanta shi.